Wandon Iyo Na Samarinmu

Iyaye, in ɗanku zai shiga gasar iyo, kada ku saya masa wando mai faɗi, gama yakan kwashi ruwa ya ja shi baya. Ku nemi wanda ya kama jiki, mai zariya, don kada ya zame.

Tun 2010 dokar gasar duniya ta ce wandon namiji na yadi ne kaɗai, kada ya haura cibiya, kada ya wuce gwiwa. Wanda ya saɓa, akan fitar da shi.

Don motsa jiki kullum kuwa, mun fi son na foliyesta, domin kulorin da ake zuba wa ruwan yakan cinye mai roba da sauri. A ɗauraye shi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Araha dai ba ta ado.