Sunayen Dodannin Jafan da Wahalar Mai Fassara

Dodo kalma ce mai cin kaya da yawa a Hausa. Shi ne mai haɗiye yarinya mai taurin kai a tatsuniya, shi ne kuma abin da ake tsorata yara da shi don kada su je bakin rafi. Saboda haka idan mai fassara ya ci karo da wata halitta mai ban tsoro a labarin wata al'umma, sai ya kira ta dodo, in kuwa ba a ganinta ya ce aljani, ya wuce abinsa. Wannan hanya ta rago ce, kuma babu inda ɓarnarta ta fi fitowa fili kamar a labaran gargajiyar Jafanawa.

Jafanawa suna da kalma ɗaya, watau yokai, wadda ta tattara waɗannan halittu, amma a ƙarƙashinta akwai ɗaruruwan sunaye. Masanin nan Yanagita Kuniyo (1875-1962), wanda ake ɗauka uban nazarin al'adun gargajiya a ƙasar, ya raba yokai da yurei. A ganinsa yurei kurwar mamaci ce, tana bin mutumin da take da ƙulli da shi duk inda ya tafi, kuma cikin tsakar dare take fitowa. Yokai kuwa wuri yake tarewa, da almuru, ba ruwansa da ko wane ne ya biyo. Masana na baya sun ce rabon bai cika daidai ba, amma dai ya isa ya nuna cewa fatalwa daban, dodo daban.

Gaskiya ne akwai wanda sunan dodo ya dace da shi. Oni ƙato ne mai ƙaho da kulkin ƙarfe, yana ɗaure da fatar damisa mai zane, yana cin mutane. Shi ake kora daga gidaje a farkon Fabrairu, a bikin Setsubun, ta hanyar watsa soyayyen waken soya. Wannan kam ko Gizo ya gan shi zai gane ɗan'uwan abokin karawarsa.

To, amma ina za a kai Azuki-arai? Ma'anar sunan ita ce mai wankin wake. Matafiyi ne zai ji ƙara a bakin rafi kamar ana cuɗa wake cikin ruwa, ya duba bai ga kowa ba. Haka Betobeto-san na yankin Nara, wanda sunansa kwaikwayon ƙarar takun sawu ne: mutum na tafiya da dare sai ya ji ana bin sa, maganin kuwa shi ne ya ratse gefe, ya ce masa cikin ladabi ya wuce gaba. Nurikabe na gaɓar tekun Fukuwoka, watau yaɓaɓɓen bango, shi ne abin da ke tare hanya da dare har mutum ya kasa gaba, ba tare da ya ga komai ba. Waɗannan duka asalinsu ba su da jiki. Sunan shi ne dukan abin da aka sani game da su, shi ne labarin, shi ne kuma bayanin tsoron da baƙauye ya ji. Yanagita ya tara irinsu cikin jerin sunaye da ya buga a 1938 da 1939, kuma siffar da yaran Jafan suka san Nurikabe da ita, ta bango mai ido da ƙafafu, mai zane Mizuki Shigeru (1922-2015) ne ya ba shi daga baya. Wanda ya fassara irin wannan da dodo bai bar wa mai karatu komai ba.

Wani sunan kuma tarihi ne ɗauke a cikinsa. Tengu daga Sinanci aka aro shi, ma'anarsa karen sama. Littafin tarihi na Nihon Shoki, wanda aka kammala a 720, ya kawo cewa a 637 wani babban tauraro ya keta sararin sama da ruri kamar tsawa, sai wani malamin addinin Buda ya ce tengu ne. Da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama mai baki da fukafukan tsuntsu, daga bisani ya zama jan mutum mai dogon hanci da ke zaune kan duwatsu. Babu sauran kare a jikinsa, sai a sunan kaɗai.

Za a iya cewa baƙin sunaye suna yi wa harshen mai karatu nauyi, kuma aikin fassara shi ne a kusantar da abu. Hujja ce, amma mai rauni. Bahaushe ba zai yarda a mayar da Sarkin Rafi da Doguwa da Ɗangaladima abu guda a wani harshe ba, a ce duk iska ce. Abin da ya kamata shi ne a bar sunan yadda yake, a bi shi da ma'anarsa sau ɗaya, alal misali Yuki-onna, matar dusar ƙanƙara, wadda Lafcadio Hearn ya sanar wa Turawa a littafinsa Kwaidan a 1904.

Su kansu Jafanawa sun ɗanɗani asarar da haɗe sunaye ke jawowa. Kappa, watau yaron rafi, mai ɗan kwano na ruwa a tsakar ka, mai son kokwamba, wanda ake cin galabarsa da gaisuwa, domin in ya rusuna ya rama ruwan zai zube ƙarfinsa ya ƙare, a da sunansa ya danganta da gari. A Kagoshima garappa ne, a wasu sassan Kiyushu hyosube, a Hiroshima enko, a Awomori medochi, kuma siffofinsu sun bambanta: wani kamar biri yake, wani kamar kunkuru. Littattafan da aka riƙa bugawa a birnin Edo, watau Tokyo ta yau, su suka yaɗa suna ɗaya da siffa ɗaya, har sauran suka koma sai a bakin tsofaffi da kundin masu bincike.