Mayen da Gari Ba Ya Son Ya Mutu



Akwai wani wasan tebur da ya fito a Amurka a 1974, sunansa Dungeons & Dragons. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki tauraro guda, jagora yana ba da labari, su kuma suna zaɓar abin da taurarinsu za su yi, ana jefa ɗan ludo don a ga wa ya dace. Tamkar tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da ta cewa a cikinta. A 1983 Tracy da Laura Hickman suka ƙirƙiro wa wasan wani mugu mai shan jinin mutane, Strahd, wanda har yau ana wasa da shi. Abin da ya sa ya daɗe shi ne, shi ke mulkin ƙasar da taurarin suka faɗa ciki, yana da buri, kuma duk dabarar da suka ɓullo da ita yana da amsarta.

A wasan nan jagora ba ya iya yi wa mugunsa ha'inci, domin 'yan wasa na kallonsa. Mu kuwa a littafi mun saba da ha'inci. Mugunmu wawa ne, yana ta ƙyalƙyala dariya babu dalili, sai a babin ƙarshe malami ya zo ya tofa addu'a, shi ke nan an gama.

Mai shan jini namu na gida shi ne maye, wanda aka ce yana kama kurwa. Amma wa muke ba wa wannan matsayi? Kullum tsohuwa ce matalauciya a bukkar bayan gari. Wannan kuskure biyu ne. Na farko, ba ta da ƙarfin da zai sa mai karatu fargaba. Na biyu, a zahiri irin waɗannan tsofaffi ne ake yi wa ƙazafin maita har a dake su, bai kamata alƙalaminmu ya ƙara wa wutar itace ba.

In muna neman tsarin mugu na gaske, mu tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma. Duwatsun zinare ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta bi ƙasa, yara su shaƙa ko su kai baki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi magani. Allah ya jiƙan yaran. Ban kawo wannan don a mai da makokin mutane abin nishaɗi ba, sai don darasin da ke ciki: abin da ke ciyar da gida shi ne ke kashe 'ya'yansa, kuma zinare ya fi noma kawo kuɗi. To wa zai fara cewa a daina?

Ɗauki wannan tsari ka gina mugunka. Ƙirƙiri ƙauye tsakanin Bukkuyum da Gummi. Mayen ya zama attajirin garin: shi ya haƙa rijiya, shi ke ba da rancen hatsi in rumbu ya ƙare tsakiyar damina, shi ke sayen kayan ɗakin marainiya. Duk shekara kuma sai yaro ɗaya ya kwanta bai tashi ba.

Sannan ka amsa tambayoyi uku kafin ka rubuta babin farko. Me yake so, wanda har kai marubuci za ka iya fahimta? Wace doka ta ɗaure shi? Misali, ba ya iya taɓa kurwar kowa sai a gidan da aka ci abincinsa da yardar rai. Kuma me za a rasa in aka kayar da shi? In maganinsa shi ne gari ya ƙi karɓar hatsinsa a watan yunwa, to ka ga taurarinka da cikin jama'a za su fara yaƙi kafin su kai gare shi. In kuwa mahaifin tauraruwarka na cikin masu cin bashinsa, labari ya ɗau zafi.

Kada ka karya dokar da ka kafa don ka samu mafita. Mai karatu yana lura.

Aikin wannan mako: kowa ya zayyana mugunsa a layi goma, tare da dalilin da zai sa mutanen kirki su kāre shi. Allah ya ƙara mana basira.