Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba

Duk wanda ya zaga ɗakunan karatu na jami'o'inmu, ko ya leƙa ofisoshin ƙananan hukumomi, ba zai rasa ganin kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɗingishi bisa tebur ba. An tokare ta da ninkakkiyar takarda, ko murfin biro, ko kwalin ashana, mai ita kuwa yana ta aikinsa, ko a jikinsa. In ka kifa ta, sai ka tarar ɗaya ko biyu daga cikin 'yan robobin nan da take tsayawa a kansu sun faɗi, ba abin da ya rage sai gurbi cike da ƙura da busasshen gam. A kan waɗannan 'yan ƙafafu muke so mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata, musamman waɗanda suka fito daga 'Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Mun san za a ce abin bai taka kara ya karya ba. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ɗan 'Yargoje ba ya bukatar malamin kimiyya ya bayyana masa amfanin waɗannan ƙafafu, domin ya tashi ya ga rumbu. Ba manomin da zai kafa rumbunsa a dandaryar ƙasa. Sai ya jera duwatsu tukuna ya ɗora shi a kansu, don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, kada danshi da gara su kai ga hatsi. Kwamfuta ma haka take. Galibin waɗanda muke amfani da su suna da kafofin iska ta ƙasa. Fanka na jawo iska ta nan, ta bi da ita ta kan sassan da ke ɗaukar zafi, sa'an nan ta fitar da ita ta gefe ko ta baya. Tazarar da ƙafafun ke bayarwa ba ta wuce milimita 2 ko 3 ba, amma ta nan na'urar ke numfashi. In suka faɗi, cikinta ya kwanta bisa tebur, iska ta ragu.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga masu gyara. Idan zafin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya doshi digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya faskara ta mutu ana tsakiyar aiki. Shi ne za ka ji ɗalibi yana cewa kwamfutarsa ta tsufa, alhali kuwa iska take nema. Batir ma zafi ne babban abin da ke rage masa kwana. Mu kuwa muna ƙasar da zafin bazara kan kai digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Bugu da ƙari, robar ce ke riƙe na'urar a kan tebur. In babu ita, wani ya yi tuntuɓe da wayar caji, sai ka ji ta a ƙasa, gilashi ya tsage. Tsofaffin kwamfutoci masu faifan ajiya da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya kuwa, faɗuwa guda ta isa ta tafi da duk abin da aka adana a ciki.

Wanda ya san yadda kwamfuta ke shiga hannun ɗalibin karkara ba zai yi wasa da wannan ba. Mafi yawan waɗanda muke riƙe da su 'yan gwanjo ne, waɗanda aka gama cin moriyarsu a Turai da Amurka, aka sauke su a Legas, suka biyo ta kasuwar Computer Village ta Ikeja zuwa titin Beirut ko Farm Centre a Kano. Da dala ake sayo su. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wannan kuɗi kuwa ba ya sayen kwamfuta mai ƙoshin lafiya ko da ta gwanjo ce. Saboda haka in ka ga ɗan 'Yargoje da kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko ta Dutsin-Ma, ko ta Ahmadu Bello, sau da yawa buhunan masara ne suka fita daga rumbu, ko kuwa an kai dabba kasuwa. Kuma ba shi kaɗai ke morar ta ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, don haka in ya zo hutu, ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta a kanta suke koyon danna haruffa kafin su shiga ɗakin jarrabawa.

Daɗin daɗawa, in ta lalace gyara ba ya kusa. Sai an yi tattaki zuwa Funtuwa ko Malumfashi ko Katsina, wani lokaci har Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su a shekarun nan. A Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a watan Disamba na 2020. 'Yargoje kanta ta ga mummunan hari a watan Yuni na 2024, aka yi asarar rayuka masu yawa, Allah ya jiƙansu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni babu intanet. Wanda ya zauna gida a waɗannan watanni ya san cewa littattafai da kundin bincikensa da ke cikin na'urarsa su ne kaɗai abin da ya mallaka, in ta mutu ba inda zai sake sauko da su.

Wani zai ce, a yankin da ake batun rai da mutuwa, wa ke ta robar kwamfuta? Tambayar tana bisa hanya. Amsarmu ita ce, tsaron hanya da darajar naira alhakinsu na wuyan hukuma, kuma ba za mu gaji da tuna mata ba. Amma ƙafar kwamfuta tana hannun mai ita, yau ɗin nan. Inda samu ya yi wuya, nan ne tattali ya fi zama wajibi.

Gyaran kuwa ba ya bukatar injiniya. A kashe na'urar, a zare wayar caji, a kifa ta bisa tsumma mai laushi. A kankare tsohon gam daga gurbin da kuma bayan robar da farce ko gefen tsohon katin banki, a guji wuƙa don kada a ƙwarzane jikinta. Sa'an nan a goge wurin da auduga da ɗan sifirit irin na shagon magani, a bari ya bushe sarai, domin maiƙo da ƙura su ne ke hana gam kamawa. Abin da kamfani kan liƙa robar da shi tun asali salatif ne siriri mai danƙo gaba da baya, kuma shi ya fi dacewa. A yanka shi daidai gurbin, a manna, a danne da yatsa kamar minti ɗaya. In ba a same shi ba, gam ɗin masu gyaran takalmi ya wadatar. A shafa kaɗan a kan robar da cikin gurbin, a jira 'yan mintoci har ya sha iska, a haɗa su, a bar na'urar ta kwana kafin a sa ta a jaka.

Muna jan kunne game da gam ɗin nan mai bushewa nan take, wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi. In ya bushe yakan yi tauri ya tsage da zarar roba ta motsa, yakan kuma bar farin tabo. Mafi muni, kamfanoni da yawa suna ɓoye sukurori a ƙarƙashin ƙafafun nan, in ya cika kan sukuru, ran da za a buɗe na'urar don share fanka sai an yi ɓarna. Idan robar ta ɓace, masu gyara ba sa rasa matattun kwamfutoci da za a ciro wata a jikinsu. In wannan ma bai samu ba, a yanko daga tsohon tiyub na babur ko gindin silifas da reza, amma a tabbata tsayinsu ya zo ɗaya, ko da za a sake dukansu ne. Sai dai in ƙafafun suna nan cif amma na'urar tana lilo, ko cikinta ya tasa, to mai yiwuwa batir ne ya kumbura. Kada a danna shi, kada a ƙara yi masa caji, a kai wa mai gyara. A kuma tuna cewa ƙafa ba ta da amfani a kan katifa ko matashi. Wanda ba shi da tebur ya ɗora ta bisa faranti ko guntun katako.

Abin mamaki shi ne, gyara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da gyartai mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, da baduku, da maƙerin da ke mai da guntun ƙarfen mota fartanya, kuma iyayenmu ba su taɓa ɗaukar faci abin kunya ba. Sakacin ya yi ƙarfi ne da kuɗin mai na shekarun 1970, sa'ad da aka koyi cewa in abu ya lalace sai a yi odar sabo. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, ta Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, aka yi ta wa'azin tattalin kayan gwamnati. Yau fiye da shekara 40 ke nan, amma sito-sito na ofisoshi suna nan cike da kayan da ƙaramin gyara zai tashe su. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramin gyara ba shi da kwangila, ba shi da kashi goma cikin ɗari, kuma ba a gayyatar 'yan jarida ranar da aka yi shi.

Kamfanonin da ke ƙera na'urorin ma suna da nasu kason laifin, domin wanda ya ɓoye sukuru a ƙarƙashin robar da aka liƙa da gam bai damu da mai gyara ba. Wasu ƙasashe sun fara ja musu birki. Tun watan Janairu na 2021 Faransa ta wajabta a nuna wa mai saye maki daga cikin 10 na sauƙin gyaran kwamfutar tafi-da-gidanka kafin ya biya kuɗi. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Idan masu ƙera abu sun farga da tsadar zubarwa, mu da muke sayen ragowarsu da dala mun fi su bukatar fargar.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ware yini guda a kowane zangon karatu don gyara, 'yan sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniya su zauna da sifirit da salatif da sukundireba, kowa ya kawo tasa a duba ƙafafu, a share fanka, a koya masa yadda zai yi da kansa. Ƙungiyoyin ɗaliban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa su kai irin wannan gida lokacin hutu, domin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na karkara sun fi kowa nisa da mai gyara. Matasan ma'aikata kuma muna roƙonku ku riƙe kwamfutar ofis kamar da albashinku kuka saye ta, ku matsa wa shugabanninku a ware ɗan kuɗin ƙananan gyare-gyare da ba sai an jira kwangila ba. Kafin wannan, kowa ya kifa tasa yau ya ƙirga ƙafafunta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.