An bar jaki ana dukan taiki



Kwanan baya wani mai sauraro ya kira mu a gidan rediyo da wata tambaya. Ya ce ya kai motarsa Damagaram an manna mata baƙar leda a gilasai, mota ta yi kyau, amma tun daga ranar in dare ya yi ba ya ganin komai in zai ja da baya. Har ya ce shekaranjiya saura ƙiris ya taka wani tsoho da ke kwance bisa tabarma a ƙofar gida. To tambayarsa ita ce: wane irin ƙwan fitila zai saya ya ƙara wa fitilar baya haske?

Mun ba shi amsa a gurguje, amma maganar ta tsaya mana a rai, don ba shi kaɗai ba ne. Malam, fitilarka lafiyarta lau. Kai ne ka ɗaure ma kanka ido da baƙin ƙyalle, kuma kana neman a ƙaro maka hasken wata.

Bari mu yi lissafi, ba sai wanda ya yi lakwal mai zurfi ba. Ledar nan da ake mannawa tana da lamba: 35, 20, ko 5. Lambar tana faɗin yawan hasken da ledar ke bari ya wuce cikin kashi 100. Wadda samarinmu suka fi so, mai baƙi ƙirin da ko fuska ba a gani, ita ce mai lamba 5. Ke nan tana tare kashi 95 na haske. Ƙwan fitilar ja da baya da yawancin motoci ke zuwa da shi wat 16 ne ko 21. In kana son ka ga bayanka kamar yadda kake gani kafin ka manna leda mai lamba 5, sai ka ninka hasken sau 20. Mai lamba 20, sau 5. Mu ƙaddara ka sayi ƙwan LED da ya ninka tsohon sau uku: kashi 15 ke nan ka samu, har yanzu cikin duhu kake. Kuma kar a manta, madubin gefe ma ta cikin gilashin ƙofa kake kallonsa, shi ma ka baƙanta shi.

To ina hasken da ka ƙara yake tafiya? Cikin idon mutane. Kai kana ciki ledarka ta tare maka shi, wanda ke waje ba shi da leda. Mai kabu-kabu da ke bayanka, da yarinya mai tallan ƙosai, da mai amalanke, su za ka dallare, su tsaya cak ba su san gabas ba su san yamma ba, a daidai lokacin da ya kamata su kauce. Mafi muni su ne masu ɗaura doguwar fitilar nan fara a bayan katkat, su yi mata maɓalli daban, su manta da ita a kunne suna tafiya bisa hanyar Damagaram zuwa Agadas. Farin haske a bayan mota ma'anarsa ɗaya ce a duk duniya: mota tana dawowa baya. Wanda ke biye da kai cikin dare ya zai gane? Wasu kuma su cusa ƙwai mai wat da yawa a gurbin ƙarami, zafi ya narka robar, waya ta ƙone a tsakiyar daji.

Akwai kuma abin da babu fitilar da za ta gyara. Bayan Hilux ko Land Cruiser akwai wurin da direba ba ya gani ko da rana tsaka, ƙasa da gilashin baya. Yaro ɗan shekara biyu ko uku in ya tsaya nan, ya ɓace. Saboda irin wannan ne a Amurka tun watan Mayun 2018 aka tilasta kowace sabuwar mota ta zo da kyamarar ganin baya. A Faransa tun 1 ga Janairun 2017 dole gilasan gaba su bar kashi 70 na haske ya wuce, in ba haka ba tarar yuro 135. Nijeriya nan kusa da mu tana da dokar baƙin gilashi tun 1991. Waɗancan ƙasashen fa da fitilun titi. Mu nan fa? In bazara ta kama, rabin gari a waje yake kwana. Tsofaffi a ƙofar gida, almajirai a gindin katanga, awaki a ko'ina, lungu duhu ɗum.

Mun san abin da za a ce. Za a ce rana. Gaskiya ne, ranar Damargu a watan huɗu da na biyar ba wasa ba ce, zafi ya haura 40, kujera kamar garwashi. Amma baƙi daban, tare zafi daban. Akwai leda mai haske da ke rage zafi ba tare da ta makantar da direba ba, sai dai ta fi tsada, kuma ba ta sa a ce wane ya shigo gari. Za a ce sutura ce ga iyali. To, labule a kujerar baya yana yin wannan aikin, dare ya yi a zuge shi. Mu faɗa ma juna gaskiya: yawancinmu ba zafi muke gudu ba, so muke a ɗauka wani babba ne a ciki. Girman da za a saya da ran ɗan maƙwabci, wallahi ba girma ba ne.

Abin da muke roƙo ba shi da wuya. A ɓanɓare ledar gilashin baya da ta ƙofofin gaba, ko a sauya ta da mai haske. Wanda ya ƙi, aƙalla ya sauke gilasai duk lokacin da zai ja baya da dare. Kafin ka tada mota, zagaya ta da ƙafarka, da tocilar salula a hannu. In kana da aparanti, ya sauka ya duba maka, aikinsa ke nan. Ka goge ƙurar da ta rufe fitilun, sau da yawa ita ce ta cinye hasken. In da hali, ka ajiye mota tun da rana yadda in za ka fita gaba za ka yi. Mai kuɗin ƙwan LED da doguwar fitila, ya tara ya sa kyamara, ta fi amfani.

Ku kuma masu manna leda da masu gyaran wayar mota, ku ji tsoron Allah. In yaro ya zo da jaka biyar ɗinsa yana son mafi baƙi, ku faɗa masa lissafin nan kafin ku karɓa. Shugabannin tasha, ku sa baki, direbobi suna jin maganarku fiye da tamu.

Ba sai jandarma ya tsayar da kai ba. Tsohon nan Allah ya yi da sauran kwanansa. Na gaba ba mu san ɗan wa ba ne, kuma ranar da ta faru babu wanda zai tambaye ka wat nawa ne ƙwanka.

Allah ya tsare mu, ya tsare na bayanmu.