Kada Ki Hana Shi Wasa, Ki Sauya Masa Laka

Uwa, tuna da ƙuruciyarki. Kin yi tuwon ƙasa, kin gina 'yar tukunya da laka, yayyenki maza sun gina shanu da raƙuma. To, ɗanki ma abin da hannunsa yake nema ke nan. Idan ya dawo gida duk jikinsa taɓo, kada ki fara da bulala.

Amma ki duba inda ya samo lakar. A unguwannin zango na Kumasi, kamar Aboabo da Asawase, gidaje a matse suke, fili kaɗan ne. Idan an yi ruwa, lakar da ta fi kusa da yaro ita ce ta bakin kwata da ta gefen rafin Aboabo, inda shara da bayan gida suke gangarawa. A ƙauye ma haka bayan gari yake. Cikin irin wannan ƙasa akwai ƙwayayen tsutsar ciki da na gudawa. Yaro ya taɓa, ya kai hannu baki, shi ke nan sun shiga. Wata tsutsar ma ta fata take shiga, ta riƙa shan jininsa har ya ɗashe.

Shawararmu ita ce ki kwaɓa masa abin wasa mai tsabta a gida. Ki auna fulawa gwangwanin madara 2, gishiri gwangwani 1, man gyaɗa cokali 2. Ki riƙa zuba ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan kina murzawa har ya daina manne wa hannu. In kina son launi, ruwan zoɓo ko garin kurkum ya isa. Gishirin ne yake hana shi lalacewa da wuri. Bayan wasa ki sa shi a roba mai murfi. Ranar da ya yi fumfuna ko ya fara wari, ki zubar.

Wata za ta ce, “Abinci na tsada, ya za a ba yaro fulawa ya yi wasa?” Gaskiyarta, almubazzaranci ba kyau. Amma kwaɓi ɗaya yana yi wa yara da yawa kwanaki, kuma bai kai kuɗin mota da na magani ba. Idan babu hali, ki nemi yumɓu mai tsabta wurin maginan tukwane, irin na Pankrono.

Wasan nan ba shirme ba ne. Yatsun da suke murzawa suna mulmulawa su ne gobe za su riƙe alƙalami da allura. Ki zauna kusa, ki tambaye shi, “Me ka gina?” Ki bar shi ya ba ki labari. Haka bakinsa yake buɗewa.

Sai dai ki kula. Kwaɓin nan ba na ci ba ne, gishirinsa ya yi wa cikin yaro yawa. Kada ki ba wanda bai kai shekara 3 ba. Idan yaro ya haɗiye da yawa, musamman in yana amai ko jikinsa ya mutu, ki kai shi asibiti nan da nan. A wanke hannu da sabulu kafin wasa da bayansa.

Gobe in kin gama aikin safe, ki gwada kwaɓi ɗaya, ki kira har 'ya'yan maƙwabta.