Wasan Simba: Suna Mai Daɗi, Wahala a Ciki



Fim ɗin The Lion King ya fito a 1994, a shekarar kuma aka mai da shi gem na Sega. Fim ɗin labarin maraya ne da ya gudu, sa'an nan ya komo ya ɗauki nauyin gidan ubansa. A gem ɗin kuwa tsalle ya danne labari. Tun a mataki na biyu, sai ka taka kawunan raƙuman dawa, ka yi wa birai ruri su juya su jefa ka daidai, ka hau jimina. Kuskure kaɗan, ka mutu. Ba a ajiye inda ka tsaya.

Louis Castle na kamfanin Westwood, waɗanda suka ƙirƙiro shi, ya ce an tsananta shi ne domin kada mai ɗaukar haya ya gama shi, sai ya saya. Ashe wahalar ta ciniki ce, ba ta horo ba.

Wasa ba laifi ba ne. Amma ku da ke biyan kuɗin caji a Ɗambatta ko Bichi, gero kuma na jiran noma, ku tambayi kanku: fushina wa yake amfana? Ku zaɓi wasan da zai bar ku da fara'a.