Ƙwayar Murar Jarirai Tana Sauya Riga

Babu uwar da ba ta san murar nan da ke sauka a ƙirjin jariri ba: numfashi ya yi sauri, haƙarƙari ya riƙa lotsawa, har yaro ya kasa kama nono. Sau da yawa mai wannan ɓarna wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira VRS da Faransanci, RSV da Ingilishi. Kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Lissafin masana ya nuna cewa a shekarar 2019 ta kashe yara fiye da dubu 100 ƴan ƙasa da shekara 5, kuma 97 cikin 100 na mamatan a ƙasashe masu tasowa suke.

A 1956 aka fara gano ta a jikin birai a Amurka. Shekara guda bayan haka Robert Chanock ya same ta a jikin jarirai. A 1985 aka tabbatar cewa gida biyu ce, A da B, kowane gida da zuriyarsa.

Ita wannan ƙwaya tana ɗauke da rubutun gadonta, mai harufa wajen 15,000. Duk lokacin da ta hayayyafa sai ta kwafi rubutun, kuma ba ta da mai duba mata kuskure. A bayanta akwai makamai biyu. Na farko, da ake kira G, ƙugiya ce da take maƙalewa da ita a hanyar numfashi. Na biyu, F, mabuɗi ne da take shiga da shi. Ƙugiyar ce ta fi sauyawa. A 1999 a birnin Buenos Aires na Ajantina aka ga wata ƴar gidan B wadda harufa 60 suka maimaitu a rubutun ƙugiyarta. A 2010 a lardin Ontario na Kanada wata ƴar gidan A ta ɓullo da harufa 72 maimaitattu. A 2012 har ta isa Kilifi, a gaɓar tekun Kenya. Waɗannan biyu suka mamaye duniya, suka ture na gabansu. Ƙwayar cuta ba ta neman biza.

Mabuɗin kuwa ba ya yawan sauyawa, shi ya sa masu haɗa riga-kafi suka auna shi. A 2023 Amurka ta amince da allurar da ake yi wa mai ciki don ta ba ɗanta kariya tun yana ciki, allurar da ta haɗa gidan A da na B. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tantance ta, ƙungiyar Gavi kuma ta yarda ta taimaki ƙasashe matalauta su same ta.

Wannan abin murna ne, amma akwai abin tunawa. A 2017 wani maganin kariya mai suna suptavumab ya faɗi a gwajin ƙarshe, domin ƙwayoyin gidan B da ke yawo a lokacin sun canza wurare biyu kacal a mabuɗinsu. Aikin shekaru ya tashi a banza.

Ke nan dole a riƙa sa ido. Abin takaici, yawancin rubutun gadon da aka karanta daga Turai, Amurka da Asiya ya fito; a Afirka kuwa Kenya da Afirka ta Kudu ne ke kan gaba. Inda cutar ta fi kisa, nan ne aka fi ƙarancin saninta. Nijar tana da cibiyar bincike ta CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana bin sawun ƙwayoyin mura. Ya kamata hukumomin lafiya su tabbatar ana ɗibar majinar jarirai masu ciwon ƙirji a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ana kai ta can cikin sanyi a kan lokaci, a kuma ware kuɗin wannan aiki a kasafin ƙasa maimakon jiran masu ba da agaji.

Akwai kuma rabon magidanta. Allurar mai ciki daga mako na 28 ake yin ta, saboda haka matar da mijinta bai bari ta je awo ba, ba za ta same ta ba ko da ta iso. Kafin nan, kafson da ake saye a tebur ba ya kashe wannan ƙwaya. Jaririn da numfashinsa ya yi sauri ko ya bar shan nono, a kai shi asibiti ran nan, kada a jira gari ya waye.